Ƙofar Zauren Tungarmu

Gidan da na tashi a cikinsa yana kan tudu a ƙasar Ngaski, shi ya sa lokacin da ruwan Kainji ya cinye garuruwan bakin kogi bai kai gare shi ba. Gidan gona ne na ƙasa, kakan kakata ya gina shi. Kaurin bangon zauren ya kai kamu biyu, tagoginsa ba su wuce tafin hannu ba. Ƙofar kuwa iyakarta ƙirjin babban mutum, kowa sai ya duƙa yake shiga.

Bayan sallar isha'i kakata, wadda muke kira Inna Tsohuwa, takan zauna gaban wutar bandar kifi tana juya tarwaɗa, mu jikoki mu kewaye ta. Tatsuniyoyi ta iya su da yawa, amma idan ta ce, “Wanga ba tatsuniya ba ne, ku gyara zama,” mun san labarin ƙofa za a yi.

Ta ce a zamanin kamun bayi mahaya sun zo daga gabas, mazan tunga suka tare su a fadamar da ke ƙasan gidan, inda har a zamaninmu garma kan tono kan kibiya. Aka ci mazanmu da yaƙi. Mata da yara suka taru a zaure. Doki ba ya shiga ƙofar, mutum kuma sai ya sa kai gaba. Kakarta ta tsaya a gefen ƙofa da taɓarya. Na farko da ya duƙo bai tashi ba, na biyu ma haka. Sauran suka kwashe hatsi suka tafi.

“Inna, ke ma da kin buga?” in ji ni wata rana.

“Kai, mijin banza, da kai zan fara,” ta ce, muka fashe da dariya. Sai ta nuna zauren da itacen wuta. “Azaran nan biyu na bisa ƙofa su ke riƙe da gidan ga duka. Kowa ya taɓa su ya taɓa ni.”

Burinta ɗaya ne, ta mutu a ɗakinta da ke jingine da zauren, inda aka haife ta.

Na girma, na samu kamun kifi mai kyau shekara biyu a jere, na sayi babur a Yelwa. Babur ba ya shiga ƙofar. Abokaina kuma suna ta yi mini ba'a wai ina kwana a akurkin kaji. Na kira magini. Ya duba, ya ce, “Sani, ka yi masa rumfa a waje mana.” Na ce a'a, ƙofar na kira shi ya ɗaga. Muka zare azara, muka ɗaga ƙofa. Inna tana zaune a tsakar gida tana kallo.

Ruwan sama na uku a daminar nan ya tsaga bango. Kafin wata ya ƙare zauren ya zube, ya ja ɗakinta. Allah ya sa tana gona. Da ta dawo ta ga ɓaraguzan, sai ta dube ni ta ce, “Mahaya sunka kasa, kai ka iya.”

Muka kai ta Wara, gidan siminti na kawuna. Ba ta sake ba kowa labari ba. Kafin shekara ta zagayo hankalinta ya fara gushewa, ta manta gidan ya faɗi.

Na daɗe ina ɗaukar labarin nan a matsayin labarin jaruntaka. Sai da na tsufa na gane tana koya mana yadda ginin yake tsaye ne, kuma ta zaɓi hanyar da yaro ba zai manta ba. Ban manta ba. Da sanina na yi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Kwana biyu kafin ta rasu ta riƙe hannuna ta ce, “Mai gida, gobe ka maishe ni tunga.”

Na ce, “To, Inna, gobe.”