Ƙanƙara a Kan Ɗakin Mai Jego

A azumin bana jikata ta sayo ƙanƙara a shagon bakin layinmu a Limawa, ta dangwara min a tafin hannu don tsokana. Sanyin ya ratsa ni har gwiwar hannu. Maimakon in yi mata faɗa sai na tsaya ina kallon abin yana ɗiga, don ya mayar da ni ƙauyenmu a bayan Kiyawa, shekarar da sama ta zubo mana irinta ba a leda ba.

Ina ƙarama lokacin, ko tallan nono ba a fara ɗora min ba. Yayata ta dawo gida haihuwar fari kamar yadda aka saba, ta haifi namiji, bakwaini. In ba ka taɓa ganin bakwaini ba, to ɗan mitsitsi ne, fatarsa ja kamar ta ɗan tsuntsun da bai yi gashi ba, kukansa sai ka kasa kunne za ka ji. Kaka ta naɗe shi da auduga da tsumma, ta kafa doka: kada wuta ta mutu a ɗakin, kada iska ta taɓa shi. "Irin waɗannan, sanyi ne ajalinsu," in ji ta.

Mu kuma asalinmu masu shanu ne, kunyar ɗan fari a gidanmu ba wasa ba ce. Yaya ba ta kallon yaron in da mutum a ɗaki, balle ta ɗauke shi. In lokacin shan nono ya yi sai Kaka ta zare mata ido, sannan ta karɓe shi, ta juya mana baya, ta kawar da kai kamar an ba ta ajiyar wani. Ni ce mai rungumarsa, ni ce mai yi masa wasa, har ina ganin ni ce uwar. Na ɗauka da gaske ba ta son shi.

Ranar da nake ba ka labari damina ta zauna, gero ya kai gwiwa. Bayan la'asar hadari ya taso daga gabas, ba baƙi irin wanda muka sani ba, wani kore-kore mai ban tsoro. Tsuntsaye suka yi tsit. Kaka tana madafi tana dafa ruwan wankan jego, ni da Yaya da jinjirin muna ɗakin jinka. Sai muka ji ƙwas a kan randar tsakar gida. Kafin in leƙa, duniya ta cika da ƙara, ba ka jin ko muryar kanka. Ƙanƙara ce, wata kamar goro, wata ta kai ƙwan zabo. Ta bakin ƙofa na ga randa ta dare, ganyen darbejiya yana zubowa, awaki suna ta tsalle a turke.

Jinkar ɗakin ta tsufa, Baba yana ta cewa sai bayan girbi zai sake ta. Ƙanƙarar ta ɓula ta. Wani dunƙule ya faɗa kaskon wuta, toka ta tashi, wasu suka biyo baya, wutar ta mutu. Wani ya faɗo dab da kan yaron da ke kan cinyata. Ni dai na sandare, ko salati na kasa.

Ban ga tasowar Yaya ba. Na ji dai an fizge shi daga hannuna. Ta kwance masa tsumman da ya jiƙe, ta cusa shi cikin rigarta, ta durƙusa ta kifa kai, ta bai wa sama bayanta. Ina jin ƙanƙarar tana sauka a kanta, dim, dim. Wata ta same ta a ƙeya, jini ya gangaro ta wuyanta, ba ta motsa ba. Tana magana ƙasa-ƙasa. Na matso, sai na ji ashe da shi take.

"Ɗana, ɗana, kar ka tafi ka bar ni."

Ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba, ban kuma sake ji ba.

Yadda abin ya zo haka ya ɗauke. Kaka ta shigo da fasasshiyar ƙwarya a ka. Ta miƙa hannu za ta karɓi yaron, Yaya ta ƙi saki. Ba ya kuka, ba ya motsi. Kaka ta zura hannu cikin rigar, ta daɗe, mu duka muna kallon bakinta.

"Da ɗuminsa," ta ce. "Bar shi inda yake."

Itacen jego duk ya jiƙe, sai Baba ya faskara tsohon turmi aka hura wuta. Tana kamawa muka ji ɗan siririn kukan nan daga cikin riga. Kaka ta zauna daɓas a ƙasa tana hamdala.

Sai a lokacin na fita, kuma har in mutu ba zan manta ba. Tsakar gida fara fat, ƙafata tana nutsewa har idon sawu. Hanya fara, gonaki farare, gero kwance a ƙarƙashi, wani tururi yana tashi daga ƙasa har ya rufe gindin duwatsu. Numfashi kake yi kana ganinsa. Dattawa sun fito sun tsaya cirko-cirko suna kabbara, wanda ya fi kowa tsufa yana cewa ko a bakin kakanninsa bai ji irin wannan ba. Mu yara muka dinga tsinta muna tsotsa, haƙoranmu suna kaɗawa. Na ji tsoron Allah a ranar, tsoro na gaske, na kuma ji wani irin daɗi.

Washegari Yaya ta koma kawar da kai, kamar ba ita ba.

Yanzu 'yan matanmu suna rungume ɗan fari a gaban surukai, su kira sunansa, su sa hotonsa a waya. Ba na ganin laifinsu. Bakwainin nan kuwa ya zama magidanci mai furfura a gemu, malamin makaranta a Dutse, kuma har yau "wancan yaron" uwarsa take ce masa, shi ma Yaya yake kiranta yadda ya ji muna kira. Bara ta yi jinya, muna zaune ni da shi a gefen gadonta, ɗankwalinta ya zame, ya ga tabon.

"Yaya, wannan fa? Me ya same ki a ƙeya?"

"Ƙanƙara ce," ta ce, tana gyara ɗaurin. "Na fita kwashe shanya."

Ta ɗago ido ta kalle ni. Na ce masa haka aka yi.