Askin Ƙeyata da Zabirar Kaka

Assalamu alaikum 'yan ajinmu na Islamiyya, da duk masu tambayar Yaya Maryam ina na shiga. Tun bazara ba ku ji ni ba. Ina nan da raina. Da wayarta nake rubuta wannan, don da baki ba zan iya ba, kun san ni.

Da ciwon kai abin ya fara. Kullum da yamma sai ya sauko min har wuya. Inna ta ce in je wurin Kaka ya kafa min ƙaho.

Kaka mahaifin Babanmu ne, kuma wanzami ne. A nan Gwangwan da wuya a sami magidancin da bai taɓa zama a gabansa ba. Amma idonsa ya fara rauni, Baba da Baffa sun daɗe suna cewa ya ajiye zabira ya huta. In ya ji maganar sai ya kama wasa askarsa.

Kafin a kafa ƙaho sai an aske gashin ƙeya. A zaure yake aiki. Na zauna na ɗage hijabi, ina tsoron kada wani ya shigo.

Ya ce, "Amarya, bari a kawo ruwan ɗumi da sabulu."

Na ce, "Kaka don Allah yi haka nan. Yi sauri."

"Ke da angonki ma sai kin ji kunya? To, kar ki ce ban faɗa ba."

Haka ya aske a bushe, ina ta matsa masa. Sai ga sallamar maza a ƙofa. Ko ƙahon ba a kafa ba na ja hijabi na gudu.

Washegari wurin ya kama raɗaɗi kamar an zuba barkono. Ƙananan ƙuraje suka feso. Na shafa man ƙamshin Yaya, abin ya ƙaru. Ga zufa, ga hijabi yana gogawa, ga susa.

Ban gaya wa kowa ba. Na san in Baba ya gani zai ce idon Kaka ne.

Ƙurajen suka haɗe suka zama kumburi kamar ƙwan kaza. Wuyana ya ƙi juyawa. Zazzaɓi ya rufe ni. Inna ce ta gane, ranar da ta ɗauki hijabina za ta wanke ta ga mugunya a jiki. Ta duba ƙeyata, ta saka salati.

Baffa ya kai mu asibiti a Rogo a kan babur. Aka yanki kati, aka ɗebi jinina. Ashe ciwon kan nan maleriya ce. Wuyan kuma likita ya ce ya yi ruwa a ciki, sai an tsaga an fitar, kuma da an ƙara jinkiri zai iya shiga jini.

Aka kwantar da ni. Ƙarin ruwa, allurai safe da yamma. Masarar da aka ajiye ta damina Baba ya fitar ya sayar.

Wankin ciwo ya fi komai zafi. In na ji ƙarar tiren nas sai in riƙe Inna. Ina cije bakin zanin Inna don kar a ji ni. Nas ɗin ta ce, "Ƙanwata, yi kukanki, a nan ba a biyan kuɗin kuka."

Na taɓa tambayar Inna ko mutuwa zan yi. Ta ce, "Rufe min baki," tana goge idonta.

Kaka ya zo, amma ya kasa shigowa. A ƙarƙashin bishiya ya zauna, ya aiko min da fura. Inna ta ce da kansa ya miƙa wa Baba zabirar, ya ce ya gama. Wannan ya fi wankin ciwon yi min zafi.

Da likita ya zo zagaye, Baba ya ce masa, "Tsohonmu ne ya aske ta, ido ya tafi."

Ban taɓa katse Baba ba, balle a gaban mutane. Sai na ji bakina ya ce, "Baba, ba idonsa ba ne. Ya ce a kawo ruwa. Ni na hana."

Likita ya ce askin bushe yana ƙona fata ko waye ya yi shi, ɓoyewar ce ta kawo mu gadon asibiti.

Yanzu na warke, sai ɗan tabo. Alhamdulillahi. Na gode wa Inna da ba ta matsa daga gefena ba, da Baffa, da likita da nas-nas, da ku da kuka yi ta addu'a. Allah ya saka da alheri.

Ku gaya wa yayyenku da iyayenku masu aski: a jiƙa wuya da ruwan ɗumi, a sa kumfar sabulu. Aska ta zama mai kaifi, kuma a tafasa ta, kar a ɗauko ta daga kan wani zuwa kan wani. A bi yadda gashin ya kwanta, kar a yi ta maimaita wuri ɗaya. In an gama a wanke da ruwan sanyi, a shafa man kaɗanya, ban da turare. In kun ga kumburi ko zazzaɓi, ku tafi asibiti. 'Yan mata, ciwon da ke ƙarƙashin hijabi ku nuna wa Innarku.

Juma'ar da ta wuce Baba ya ɗauko zabirar ya shiga zaure. Ya durƙusa ya gaida Kaka, ya ajiye ta a gabansa, ya cire hula.

Ya ce wa Kaka, "Baba, a rage min ƙeya."

Kaka ya daɗe yana kallon zabirar. Can ya ɗaga murya, "Amarya! Ruwa!"

Ni na kawo, ni na riƙe kwanon. Da ya ɗora aska sai ya waiwayo ni.

"In yi sauri?"

Na ce, "A'a Kaka. Yi a hankali."