Miƙo da Kusurwar Hagu

In ka shiga shagon kayan lantarkin nan na kwanar tasha, ka ga wani dogon mutum yana sauko da kwalin fanka daga can saman kanta ba tare da ya taka kujera ba, to Miƙo ke nan. A gida Auta ake ce masa. Wancan sunan a filin ƙwallon kwando ya samo shi, ya kuma manne masa, har matarsa ma da shi take kiransa in ranta ya ɓaci.

Mahaifinsa mai walda ne. Tun Auta yana firamare tsawo ya yi masa yawa, wando ba ya kai masa shekara. Sai tsohon ya samu guntun rodi ya lanƙwasa, ya kafa a bangon bayan shagonsa. Ba raga, ba katako, zoben ƙarfe ne kawai, shi ma ya ɗan karkace. Da la'asar Baba zai kashe inji, ya ture gilashin walda saman goshi, ya zauna a benci ta hagun zoben yana kallo. Bai san dokokin wasan ba, bai kuma nemi sani ba. Shi dai ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba.

Da Auta ya girma, babban kulob ya ɗauke shi da albashi. A can ya tarar da Kyaftin, jagoran 'yan wasan, mutumin da in ya tsaya a kusurwar hagu ya saki ƙwallo, 'yan kallo kan miƙe tun tana sama. Koci, mai horar da su, ya gina komai a kansa. Kowace dabara aka zana a allo, ta zaga ta zaga, a kusurwar hagu take ƙarewa. Aikin Auta shi ne ya shigo in wani ya gaji, ya cafo ƙwallo, ya ba Kyaftin. Shi kuwa Kyaftin ba ya jira, da ya ga ta shiga hannun Auta sai ya daka tsawa: "Miƙo! Miƙo!" Sunan ke nan.

Auta kuwa ya iya miƙawar, har ta kai ba sai ya duba ba, hannunsa ya san wurin. Ana yabonsa da rashin son kai, shi kuma yana jin daɗin yabon. Gaskiyar magana an cuce shi, kuma da haɗin bakinsa, don mai miƙawa ba ya ɓarar da ƙwallo a gaban jama'a, ba kuma shi ake zagi ba. Shekaru suka yi ta tafiya yana lafe a wannan inuwar.

Duk ranar wasa in ya biya ta shago, tambayar Baba ɗaya ce.

"Auta, nawa ka jefa?"

"Baba, ai ni aikina bayarwa ne."

"To, sannu mai kyauta. Ranar da za ka jefa da kanka ka gaya min, in rufe shago in zo."

Da wasa yake faɗa, amma bai taɓa taka zauren wasan ba.

Sai ga wata kakar wasa da gwiwar Kyaftin ta samu matsala, likita ya ce sai an yi aiki. Ba a daɗe ba Katanga, ƙaton da ke tare gindin kwando, ya karye a wuyan hannu. Nan kulob ya nuna ainihinsa. Gudu suna yi, tsaro suna yi, amma da an zo wajen jefawa sai kowa ya hau neman wanda zai ɗora wa. Ƙwallo ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu kamar kofin shayi mai zafi, har lokacin da aka ba su ya ƙare, alƙalin wasa ya busa. Aka yi ta lallasa su, har ƙananan kulob ɗin da a da suke tausaya wa. Muryar Koci ta dushe. Wata rana bayan atisaye ya riƙo rigar Miƙo.

"Gobe da kai za a fara. In ka ga kwando, ka jefa. Ka ji ni? Ka jefa!"

Miƙo ya wuce shago ya gaya wa Baba. Tsohon ya kashe inji tun lokaci bai yi ba. Washegari ya zo da wankakkiyar riga da sabon aski, aka zaunar da shi a layin gaba inda iyalan 'yan wasa ke zama, dab da kusurwar hagu.

Miƙo ya yi wasa kamar zai ba da ransa. Ya ƙwace, ya tare, ya miƙa wa wasu sun ci. Sau da yawa kwando ya buɗe masa, sai ya ce wa kansa bari na gaba. Har wasa ya zo gargara, ana gabansu da maki ɗaya, lokaci saura ƙiris. Ƙwallo ta faɗo hannunsa a gindin kwando, ba kowa a kansa, don abokan hamayya ma sun san Miƙo ba ya jefawa, sun tafi tsaron wasu. Hannu kawai zai ɗaga ya ajiye ta. Koci na ihu, zaure na ihu.

Sai hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya wurga ta kusurwar hagu, a miƙe, da ƙarfi, irin miƙawar da Kyaftin ya fi so. Babu kowa a wurin. Ƙwallo ta tsallake layi ta daki ƙirjin Baba, tsohon ya rungume ta da hannu biyu. Aka busa usur ɗin tashi.

Baba ya dubi ƙwallon, ya dubi ɗansa. Bai sake ta ba sai da alƙalin wasa ya zo ya karɓa.

Suka kama hanyar gida cikin motar Yaya, babban wan Miƙo. Yaya ya so ya gyara, ya ce ai ko ba komai Baba ya nuna shi ma ɗan wasa ne, cafe ɗaya ya yi mata. Ba wanda ya yi dariya. Sai da suka tsaya a ƙofar gida Baba ya dafa gwiwar Miƙo.

"Ka ba ni, na karɓa, na gode. Amma Auta, ba don ka ba ni na lanƙwasa maka ƙarfen nan ba."

Kyaftin ya warke, kulob ya farfaɗo, Miƙo ya koma benci. Ya yi ta cewa a ransa zai sake kiran Baba ranar da ya tabbata, ranar ba ta zo ba. Kulob ya sallame shi da ƙafa ta fara nauyi. Idon Baba kuma, da wutar walda ta daɗe tana ci, ya rufe. Bayan 'yan shekaru tsohon ya rasu. Miƙo bai taɓa yafe wa kansa ba, kuma ba ya ɓoyewa. In abokan ciniki suka tuna masa wasan suna tsokana, yakan ce kulob wasa ɗaya ya rasa ran nan, shi ne ya yi asara.

Da za a ba da hayar shagon waldar, Yaya ya ce Miƙo ya je ya cire zoben, tunda shi ba ya buƙatar tsani. Ya je da la'asar da sufana a aljihu. Bencin yana nan, ƙura ta rufe shi. A bayan tarin ƙarafa ya ga tsohuwar ƙwallonsa, rabin iskarta ya fita. Ya ɗauka ya kakkaɓe, ya ja da baya, ya ɗaga hannu ya saki. Ta shige ta tsakiyar zoben ko gefe ba ta taɓa ba.

Kafin ta kai ƙasa ya riga ya juya hagu, wajen bencin.