Maman Sati, Wadda Ta Kai Totuwa Zauren Farfesoshi

Ƙarfe shida da rabi na safe Maman Sati take kulle ƙofarta a Palladan. Jaka a kafaɗa, lema a hammata, takalmin roba wanda ba ya tsoron taɓo. A cikin jakar akwai fensir shida da ta fere tun jiya, da zani ɗaya na shimfiɗawa a gidan da tabarma ta yi ƙaranci, da ƙullin takardun tambayoyi. Ta hau bas ɗin Samaru, ta sauka a ƙofar cibiyar binciken da take wa aiki, ta gaisa da masu gadi, daga nan sai ƙauye. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana wannan zirga-zirga, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Sunanta na takarda Scholastica, amma je ka ƙauyen Bomo ka tambayi Scholastica ka ga yadda za a riƙa kallonka. Ce Maman Sati, yanzu a nuna maka gidan da ta sha fura jiya. Aikinta tattara bayanai. Duk sanda ka karanta a wata babbar mujalla cewa kashi kaza na manoma sun karɓi sabuwar fasaha, kashi kaza sun ƙi, to ka sani wani ne ya taka da ƙafarsa gida-gida ya tambayo. A Samaru, shekara da shekaru, wannan wanin ita ce. Ba ta fito da takarda sai ta zauna, ta yi gaisuwa har ta kaji da awaki, ta sa hannu a aikin da ta tarar ana yi.

Na karanta littattafai da yawa a kan yadda sabuwar fasaha ke ɗaga wasu ta bar wasu a ƙasa, har na haddace manyan kalmomin masana. Wallahi babu wanda ya fahimtar da ni abin kamar labarin buhun totuwa. Mutum uku suka ba ni shi, kowa da idonsa ya ga nasa ɓangaren.

Shekara tara da suka wuce, cibiyar ta ƙera wani ƙaramin injin casar masara, ta raba wa ƙungiyoyin mata goma sha biyu a Bomo da kewaye don gwaji. Hukumar da ta ɗauki nauyin aikin tana jiran rahoto. Idan mata sun karɓi injin, a ci gaba da su. Idan sun ƙi, a kwashe injunan a ba manyan manoma, a cire mata daga shirin gaba ɗaya. Kaka biyu suka wuce, aka tarar injunan a jingine. Sai aka buga takardar tambaya mai gurbi huɗu, a gano dalili: tsada, rashin ilimi, al'ada, ko miji ya hana. Yawancin masu tattara bayanai suka yi ta sa alama a gurbi na biyu, suka dawo ofis kafin azahar.

Maman Sati kuwa ta tafi gidan Goggo Dije, shugabar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin. Goggon ce da kanta ta ba ni wannan, tana dariya.

"Goggo, ina injinmu?"

"Yana can bayan rumbu. Kaji sun ce a gaishe ku, sun samu wurin ƙwai."

"Ba ya casawa ne?"

"Casa kam yana yi, har da abin da ba a sa shi ba. Ke Maman Sati, da me kike hura wuta a gidanki?"

"Da gas, Goggo."

"To mu da totuwa. Ita ce itacenmu daga kaka har bazara, tokarta kuma mu tace mu sa a miya. Injinku sai ya haɗa masara da totuwa ya farfasa. In wuni ina sheƙa, in tashi da ciwon baya, sannan in fita neman itace. Don Allah, wanda ya ƙera shi ya taɓa tuƙa tuwo kuwa?"

Gida ɗari da arba'in ta shiga, amsar ba ta canja ba. Ta bar gurabun nan huɗu fayau, ta rubuta maganar matan a gefen kowace takarda da ƙaramin rubutunta.

Shugaban aikin, Dakta Julius, ba mugun mutum ba ne. Mutum ne da wa'adi ya matse. Ya kira ta ofis.

"Madam, na'ura ba ta karanta gefen takarda. Ki zaɓi ɗaya cikin huɗun nan."

"Yallaɓai, duka huɗun ƙarya ne."

"Ba ke za ki rubuta rahoton ba fa."

"Gaskiya ne, yallaɓai. Amma ni na zauna a tabarmarsu. Matar da ta gano aibin inji a yini ɗaya, abin da injiniyoyinmu ba su gano a shekara biyu ba, ita zan rubuta wa rashin ilimi? Hannuna ba zai yi ba."

Aka ajiye takardunta gefe, aka haɗa rahoto da na sauran. Rahoton ya ce matan karkara ba su shirya karɓar fasaha ba tukuna.

Ranar gabatar da shi zauren ya cika: farfesoshi, baƙi daga hukumar, ɗalibai a baya. Aikin Maman Sati a irin wannan rana shi ne ta zauna bakin ƙofa tana miƙa wa baƙi ruwa. Wani malamina da yake wurin ya ce ana tsakiyar tafi sai suka ji ana jan abu a ƙasa. Ita ce, da buhu biyu. Ta zazzage na farko gaban babban tebur, totuwa lafiyayyu suka gangara har ƙarƙashin kujeru. Ta zazzage na biyu, ɓarɓashin da injin ya fitar.

"Ranku ya daɗe, ku gafarce ni, ni ban yi digiri ba. Wannan abin da hannun mata ke bari ne, wannan kuma abin da injinmu ke bari. Duk wanda zai iya dafa tuwon mutum goma da wannan ɓarɓashi, ya taso ya nuna mini. In ya yi, yanzu in sa hannu cewa matan Bomo jahilai ne."

Babu wanda ya taso. Can sai wani dattijo cikin baƙin ya sunkuya ya ɗauki totuwa ɗaya, ya juya ta a hannunsa, ya ce mahaifiyarsa ma da ita ta yi girki har ta bar duniya. Ya ce a dakatar da rahoton wata uku. In an gyara inji mata suka karɓa, su zauna a shirin. In ba haka ba, a bi rahoto.

Kada wani ya ɗauka tafi aka yi mata. Washegari takardar tuhuma ta same ta a tebur: ta kunyata cibiya gaban baƙi. Aka cire ta daga fita ƙauye aka kai ta sito, wurin tsofaffin fayiloli da gara. Gyaran inji kuma ya shiga hannun kwamiti, kwamiti ya fara neman ranar zama.

Ita ba ta jira kwamiti ba. Ranar Asabar ta ɗauko injin Goggo Dije a keke mai ƙafa uku, ta kai shi Chikaji wurin Chukwunonso mai walda, haifaffen Sabon Gari wanda Hausa ta zauna a bakinsa daram. Ya buɗe cikin injin, ya duba, ya yi tsaki.

"Madam, no wahala. Haƙoran ne suka matsu da juna. Mutanenku masu zane hatsi kawai suka gani. Ki bar mini shi."

Ya buɗa haƙoran, ya huda wata ƙofa a gefe inda totuwa za ta fita. Alƙali kuwa Goggo Dije ce. Karo na farko ta ɗaga rabin totuwa ta ce, "Ɗan nan, wannan ko shayi ba zai tafasa ba, mayar." Karo na biyu hatsi ya riƙa maƙalewa, ta sake korarsu. Asabar ta bakwai totuwa ta faɗo ɗungurungum, tas, babu ƙwaya ɗaya a jikinta. Chukwunonso ya ce guɗar da Goggo ta rangaɗa sai da ta firgita shi ya yar da sifana.

Matan Bomo suka zauna a shirin, duka ƙungiyoyi goma sha biyun. Bayan shekara biyu maƙala ta fito a ƙasar waje a kan yadda sauraron mata ya gyara fasaha. Na same ta, na karanta har sau uku, idona ya cika da hawaye don takaici. Sunaye biyar ne a sama. Babu Scholastica, babu Chukwunonso, babu Dije. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, an gode wa ma'aikatan fili. A lokacin tana sito tana kakkaɓe fayil, kuma sai da ta cika shekara uku cur a can kafin a mayar da ita ƙauye.

To ni ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Ana ta taro a kan rashin daidaito a duniya, alhali ga shi nan a shafin farko na takardunmu. Wa ya ce bincike sai mai digiri? Wa ya ce ƙirƙira sai a ɗakin gwaji mai sanyi?

Maman Sati, ke ce kika ƙi sa alama a kan ƙarya, kina sane da abin da zai biyo baya. Ke ce kunnen cibiya, a lokacin da kowa ya zama baki. Mace mai fensir da ta tsayar da rahoton daktoci! Da na ce miki zan rubuta wannan, cewa kika yi, "Ɗana, ka dai rubuta sunan Chukwunonso daidai, mutane suna cinye masa rabi." Ga shi na rubuta, da na Goggo Dije, da naki a sama da kowa.

Mun gode, Mama. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi da ƙafafu masu lafiya.

Ku kuma 'yan'uwana ɗaliban Samaru da ake tura mu ƙauye da tambayoyi a waya, ranarku tana zuwa. Za a ba ku amsoshi huɗu, wata tsohuwa ta faɗa muku ta biyar. Kada ku danna mafi kusa don ku dawo da wuri. Ku koma ofis ku ce amsar ba ta nan. Mai yiwuwa a kai ku sito, ba zan ɓoye muku ba. Maman Sati ta je, ta yi shekara uku, ta fito da kanta a ɗage, kuma kakar bana ma matan Bomo da injinsu suka casa masara.