Bindigar da Na Saya da Sunan Yayana

Ba zan faɗi sunana ba, gidanmu ya sha kunyar da ta ishe shi a kaina. Ni bakaniken mashin ne a Kaura Namoda, kuma kafin in lalace hannuna yana da kyau. In mashin ya shigo gareji yana tari, kafin mai shi ya sauka na san ciwonsa. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami. Yayana Garba ne ya riƙe ni, shi ya kai ni koyon aiki, shi kuma ya zauna Kurya Madaro yana noman gonar gado. Samari, ku nake rubuta wa wannan, musamman masu sana'a a hannu da ke ganin ba ta kawo abin duniya da sauri.

Da ɗan abin da ba a kira sata na fara. In an bar mini mashin, sai in zuƙe kwalba guda ta fetur daga tanki. Daga nan na koma wanke tsohon fulogi in ɗaura, in ce sabo ne. Ba wanda ya kama ni, sai na ɗauka wayo ne da ni. Ashe Allah ne yake ara mini rana.

Ana haka wani mutum ya fara zuwa garejina. Ba mu san sunansa ba, Baƙo muke ce masa. Yakan kawo mashina marasa takarda, in sake musu fenti, in goge lambar inji. Ban taɓa tambayarsa inda suka fito ba, don na san amsar. Wata rana ina ɗaure masa sarƙa ya ce, "Kai dai kana wahala bisa ƙarhen banza. Da kana da ƙarhe na ƙwarai, da mun tahi da kai hanyar Shinkahi ranar kasuwa." Na gane nufinsa sarai: tare motoci. Sharaɗinsu ɗaya ne, kowa ya zo da bindigarsa.

Na yi ta sauraron hirar masu kawo gyara har na ji labarin wani dattijo a wani ƙauye kusa da Zurmi, Baba Ɗanjumma, tsohon direban babbar mota da ya daɗe yana shiga Nijar. Yana da ƙaramar bindiga tun zamanin da yake kan hanya, yana son rabuwa da ita, amma ya ƙi sayar wa kowa, don ya san inda bindigogi ke ƙarewa a ƙasarmu.

Na same shi da hantsi a zaurensa. Ya sa aka kawo ruwa, muka gaisa, sannan ya yi tambayar da ba a fara ciniki a wurinmu sai an amsa ta: "Kai ɗan wa na?" Na faɗi sunan mahaifina. Sai tsohon ya gyara zama, ya yi masa addu'a, ya ce ya sha ɗaukar hatsinsa zuwa kasuwar Moriki. Da ya tambayi abin da zan yi da bindiga, ƙarya ta zo mini a baki kamar an aiko ta. Na ce Yaya Garba ne ya turo ni, mahara sun dame su a Kurya, yana son abin kare iyali, aikin gona ne ya hana shi zuwa.

Ya ce, "Garba mutumen kirki na. Don shi, na sayas."

Ya ɗauko ta daga cikin wata tsohuwar akwati, naɗe a tsumma mai maiƙo. Ƙarfe ce zalla, ba roba ko kaɗan, irin tsohuwar ƙirar nan mai nauyi, wadda ba sai an ɗana ta kowane harbi ba. Baƙinta ya goge a gefe-gefe har farin ƙarfen ya fito. Ni da na san ƙarfe, ina riƙe ta na ji son ta ya shiga raina. Ban yi tunanin mutumin da za a nuna wa ita ba ko sau ɗaya. Na biya, tsohon ya rako ni har bakin hanya yana ba ni saƙon gaisuwa ga Garba.

Kwana shida bayan haka, saura kwana biyu mu fita da Baƙo, ina buɗe gareji sai ga Yaya a kan mashin ɗinsa, ƙafarsa duk ƙasar gona. Bai amsa gaisuwata ba. Ya fito da wani abu daga aljihu ya ajiye a kan bencin aikina. Gidan harsashi ne, irin na bindigar.

Abin da ya faru shi ne, bindigar tana da gidan harsashi biyu, tsohon ya manta ya ba ni ɗaya. Da ya gan shi a ƙasan akwati, sai ya ce wannan yana cikin abin da ya sayar, haramun ne ya riƙe. Da tsufansa ya shiga mota, ya bi wannan hanya da matasa ma ke tsoro, ya je Kurya ya danƙa wa mai kaya kayansa hannu da hannu. Yaya ya karɓa, ya yi godiya, ya ba shi abinci, bai nuna masa komai ba.

Na fara kame-kame. Yaya ya ce, "Da sunana kas saye ta?" Na ce e. Ya ce, "To ashe tawa ta. Ba ni kayana."

Mutumin da ya goya ni, ya yi mini kaciya, ya saya mini sifanar farko, ban iya ce masa a'a ba. Na ciro ta daga cikin wani mataccen tanki na miƙa masa. Ya jefa ta a jakarsa ya ce wurin hakimi zai kai ta, a miƙa wa hukuma, magana ta mutu. Bai kai ba. A shingen bincike da ke bakin gari aka buɗe jakar. Kafin azahar labari ya cika Kaura cewa an kama wani manomin Kurya da bindiga.

Da aka tambaye shi, abu ɗaya ya riƙa faɗi: tasa ce. Bai ambaci tsohon ba, bai ambace ni ba. Ni kuwa, kunya ce in faɗa amma gaskiya ce, na zauna na duba lamarin na ga ƙaryata ta yi mini riga daidai wuya. Ko an kai ga Baba Ɗanjumma, cewa zai yi Garba ne mai saye, ni ɗan aike ne. Baƙo ma ya leƙo ya ce in ja bakina, in kuma na ga da matsala in biyo su daji, za su ba ni wata.

Kwana goma sha ɗaya na yi shiru. Lokacin kaka ne, geron Yaya ya nuna a gona, ba mai yanka, tsuntsu na ci. Ni nake kai masa abinci inda aka tsare shi. Kullum ina jiran ya zage ni ko ya roƙe ni, amma tambayarsa ɗaya ce: "An yanke geron?" In ce tukuna. Sai ya ce, "To, Allah shi kyauta."

A rana ta goma sha ɗaya na haɗu da matarsa a ƙofar wurin, ta zo daga ƙauye da goyo a baya. Tana ganina da kwano sai ta fashe da kuka, ta ce, "Allah shi yi ma albarka, Allah shi bar zumunci. Dut dangi kai kaɗai at tsaye kainai." Na sha zagi a rayuwata, bai taɓa shiga jikina kamar wannan addu'a ba. Na miƙa mata kwanon, na wuce ciki, na ce wa jami'in da ke kan teburi ni ne mai bindigar. Na faɗi komai, har da mashinan da na goge wa lamba.

Shekara huɗu na yi a gidan yari a Gusau. Ba zan yi muku ado ba, wurin ba daɗi, kuma na cancance shi. An saki Yaya, amma geron shekarar ya tafi, da taimakon dangi iyalinsa suka kai damina. Baba Ɗanjumma ma sai da aka tsare shi makonni saboda ni. Ya rasu ina ciki, ban samu na nemi gafararsa ba, wannan kuwa yana ci mini rai har yau. Duk da haka, ina gode wa Allah da wannan ɗauri. A can na ji ƙarshen waɗanda suka bi Baƙo: wasu an binne su, wasu suna daji da jinin mutane a wuya, ko jana'izar uwa ba sa iya zuwa. Kwana biyu ne tsakanina da su. Amanar tsoho ɗaya da haƙurin ɗan'uwa ɗaya suka tare ni, ba wayona ba.

Yanzu na koma gyaran mashin, a wata 'yar rumfa, ba kamar da ba. Wasu har gobe ba sa bar mini mashin su tafi, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da zan gaya muku, samari, kada ku raina ƙaramar cuta, ita ke koya wa hannu. Wanda ya ce ku nemo bindiga don ku shiga sahunsa, kabari yake nuna muku. Kada kuma ku ari sunan mutumin kirki ku rufe ɓarna, don in ta fashe a kansa za ta zube.

Ranar da aka sake ni, Yaya ne ya zo ya ɗauke ni a kan mashin ɗinsa. Mun kusa Kaura na kasa daurewa, na matso kusa da kunnensa na ce, "Yaya, don mi ba ka hwaɗi sunana ba? Da kalma guda ka hita." Ya ɗan rage gudu. Can ya ce, "Jira nikai in gani ko ina da ƙane."

Ku da kuke waje yau, in akwai wanda ke ɗauke da laifinku, ku je ku sauke masa. Ni sai da na bar nawa ya jira kwana goma sha ɗaya.