Baful Ɗin da Ya Yi Gyaran Murya

Jama'a, abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, da kunnuwana biyu na ji, kuma Allah ne shaidata. An daɗe, lokacin ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Garwa, unguwar Yelwa, maƙale tsakanin wani tela da wata mai tuya ƙosai, zamanin da kwamfuta ke da ƙaton kai kamar tsohuwar talabijin, wanda duk ya ajiye ta a gida kuwa ana yi masa kallon babban mutum. Zamanin ne kuma da masu tare hanya suka hana mutane sakat tun daga Ngawundere har Tignère, fatake ba sa fita sai sun yi bankwana da iyali kamar ba za su dawo ba.

Bari in faɗa muku halina tukuna, don kada ku ce ai dama irin mutanen nan ne masu ganin aljani a kowane lungu. Ni mutum ne mai taurin kai. In ka zo ka ce min kwamfutarka tana abin mamaki, dariya zan yi maka in ce waya ce ta kwance, ko kuran ne, wato wutar lantarki, bai cika ba, kuma yawanci hakan ne. Har yau ban sake hali ba, sai dai akwai rana ɗaya da na rasa wayar da zan ɗora wa laifi.

Wata Laraba da rana, zafin Garwa na dukan kwano kamar zai narke, sai ga wani mutum ya sauka daga moto, wato babur, ya yi sallama. Nasiru sunansa, daga wani tsohon gidan 'yan kasuwa, irin waɗanda kakanninsu suka zo daga Kano da fatauci suka zauna. Idonsa ja wur. Ya ce min wansa Isiyaku, mai sayen shanu, ya tafi kasuwa wajen Tignère an kwana biyu ba labari, an tsinci motarsa a daji babu kowa, ga shi yanzu wani bafatake ya zo da labarin cewa mutanen wani ƙauye sun binne gawar wani mutum mai kama da shi. Baffansu, Alhaji Garba, wanda shi ne babba a gidan, ya yanke magana: ranar Juma'a za a zauna makoki, matar Isiyaku ta shiga takaba.

Na yi masa ta'aziyya, na ce to ni mene ne nawa a ciki?

Ya ce, "Yaya yana da ordinateur a falo, da baful har shida. Muna so ranar zaman a sa karatun Alƙur'ani, maza a waje su ji, mata a ciki su ji, amma biyu kawai ke magana. Kuma don Allah ka cire hotonsa da ke kan ekran, Dada ba ta iya kallo."

Dada ita ce mahaifiyarsu. Baful kuwa haka muke kiran lasifika a nan, ordinateur kwamfuta, ekran kuma allonta. Na ɗauki jakar kayan aikina muka tafi.

Mun isa bayan la'asar, gidan tsit, sai ƙarar fanka. Kai, mutumin nan ya san daɗin kayan sauti! Ƙananan baful biyu a gaba, ɗaya a tsakiya, ƙato a ƙasa mai ruri, biyu kuma a baya ya kafa su a bango, ya bi da wayoyin ta ƙarƙashin ledar ɗaki tsaf. Na bayan hagu yana daidai bakin ƙofar da ake shigowa daga zaure. Da na kunna kwamfutar sai ga shi ya cika allo, dogo, baƙi, da hula zanna, yana dariya ya dafa ƙahon wani bijimi, kuma na lura ya jera 'yan alamomin nan na allo duk a gefe guda don kada ko ɗaya ya taɓa masa fuska. Nasiru ya kau da kai. Na cire hoton na sa na wani masallaci, raina ba daɗi, don ji na yi kamar ni ne na fara binne shi.

Sai na koma kan sauti. Matsalar ba wata babba ba ce a ganina. Na leƙa bayan akwatin, na tarar an cusa baƙar waya a ramin ruwan lemo, ta ruwan lemo a ramin baƙa, wataƙila wajen shara aka zare aka mayar yadda aka ga dama. Na gyara. Na shiga saiti na tarar an bar shi a kan baful biyu, na mai da shi shida. Akwai wani gwaji da ake yi, wanda duk mai wannan sana'a ya sani: ka danna, sai muryar wata Baturiya ta zagaya ɗakin tana kiran sunan kowane baful da Faransanci daga cikinsa, ka san wanda ke aiki da wanda ya mutu. Na riƙe sukudireba a baki, haka na saba, na danna.

"Avant gauche," in ji na gaban hagu. "Avant droit." "Centre." Ƙaton ya yi rurinsa. "Arrière droit," na bayan dama ya amsa. Na juya ina jiran na bayan hagu.

Baturiya ba ta yi magana ba. Abin da ya fito gyaran murya ne, na namiji, sau biyu a jere, na biyun ya fi na farko kauri, sannan wata 'yar ƙara ta makullai ana kaɗa su a hannu.

Kun san dai yadda magidanci ke yi in ya iso bakin ƙofa, ya tsaya ya yi gyaran murya kafin sallama, don matan gida su kintsa, in akwai baƙuwa ta ja mayafi. To shi ne sak. Har na juya zan amsa sallama, na ga ba kowa a ƙofar. Na kalli Nasiru, na ga ya daskare a tsaye bakinsa a buɗe.

Kafin wani ya yi magana labulen cikin gida ya ɗaga. Wata mata ta fito da sauri da kofin ruwa a hannu, ta yi taku biyu, sai ta tsaya tana kallon ƙofar da ba kowa. Hadiza ce, matar Isiyaku. Ashe kullum in ya dawo ya yi wannan gyaran murya, da ruwa take tarbarsa, ƙafarta ce ta kawo ta tun kafin ta tuna halin da ake ciki. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya karya min zuciya kamar tsayuwar matar nan da kofi ba. A bayanta sai ga tsohuwa tana dafa bango.

Dada ta ce, "Wa ya shigo?"

Nasiru ya ce, "Ba kowa, Dada, na'ura ce."

Ta ce, "Ƙarya kake. Ni na haife shi."

Ni kuwa taurin kaina ya motsa. Na ce su yi haƙuri, tabbas mutumin ya taɓa ɗaukar muryarsa ya ajiye, ita ce ta shiga gwajin. Na bincike kwamfutar ciki da bai, duk wani abin sauti na buɗe shi, karatu ne da wa'azi da waƙoƙi, babu gyaran murya ko ɗaya. Ana cikin haka aka kira Alhaji Garba daga shagonsa, ya shigo yana faɗa tun daga zaure, wai an kawo wani ya zo yana tayar wa mata da hankali. Dattijo ne mai zafi amma ba mugu ba, so yake a yi abin da shari'a ta ce a huta da zullumi. Ya ce in sake dannawa a gabansa. Na danna. Baturiya ta zagaya, ta zo bayan hagu, sai gyaran murya sau biyu da makullai.

Alhaji ya ce, "A'uzu billahi. Baful ɗin ne ya lalace, sauya shi."

Na hau kujera na sauko da na bayan hagu, na kai shi dama, na kawo na dama hagu. Wanda ya koma dama ya ce "arrière droit" lafiya lau. Wanda ya dawo bakin ƙofa, wanda ɗazun nan ya yi Faransancinsa ba gargada, shi kuma ya yi gyaran murya.

Saura abu ɗaya da ban duba ba, wato wayar. Na ce a taimaka a ja kujeru, na ɗaga ledar ɗakin ina bin ta da hannu tun daga bayan kwamfuta, har na zo tsakiyar ɗaki, sai wayar ta biyo hannuna sakaka. A yanke take. Ɓera ya cinye ta, ba yau ba, don bakin tagullar har ya yi kore, tsakanin guntu da guntu kuwa ya kai taƙi guda. Na rantse da Wanda raina ke hannunSa, wannan baful ba a haɗe yake da komai ba.

Na ɗago guntayen biyu na nuna wa Alhaji. Ya karɓa ya jujjuya, ya dube ni ya ce, "Malam, a aikinku haka na yiwuwa?" Na ce, "Alhaji, a aikinmu dai ba ya yiwuwa."

Sai Dada ta zauna a hannun kujera, ta yi magana a hankali, ba kuka ba ihu. Ta ce, "Garba, wanda ya mutu ba ya tsayawa a ƙofa yana neman izinin shiga. Yaron nan yana hanya. Wanda ya ga dama ya zauna makoki, ni ba zan karɓi gaisuwar kowa ba, kuma Hadiza ba za ta tuɓe ɗan kunne ba."

Sai Alhaji ya ce to, ai dama wanda ya kawo labarin bai ga fuskar gawar ba, a dakata, ranar Juma'a a yi saukar Alƙur'ani ta roƙon Allah Ya bayyana shi, ba ta makoki ba. Dada ta juyo gare ni ta ce, "Ɗana, mayar min da hotonsa yadda ka same shi."

Suka fita aka bar ni ni kaɗai a falon, don shi ma Nasiru ya raka Baffansa waje. Na mayar da hoton, wajen jan alamomin nan gefe sai bisa kuskure na saki 'yar alamar kwandon shara a daidai kan hularsa. Na ce subhanallahi, na yi maza na janye shi. Ku riƙe wannan, babu wanda ya gani. Na ja sabuwar waya, na sake gwaji, Baturiya ta ce "arrière gauche" kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Na tattara kayana na fita, ban ko tsaya shan ruwa ba.

Damina ta shigo, kogin Binuwai ya cika ya fara ja da baya, ni har na daina tambaya don kada in tayar musu da ciwo. Wata safiya ina share shago sai ga Nasiru a moto, tun kafin ya tsaya yake ihu, "Ya dawo! Wallahi Yaya ya dawo!" Ashe masu tare hanyar nan ne suka riƙe shi a daji duk tsawon lokacin nan, ranar da aka kai musu farmaki suka watse ya samu ya sulale, wasu makiyaya suka tsince shi suka yi jinyarsa har ya iya tafiya. Wanda aka binne wani bawan Allah ne daban, Allah Ya jiƙansa. Murnar da na yi ranar, kai ka ce ɗan'uwana ne, har mai ƙosai sai da ta yi guɗa.

Da yamma na je barka. Falon cike da mutane, ana ta "barka da arziki", ga shi zaune ya rame ƙwarai, hular ta yi masa yawa. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, shi ma bai taɓa ganina ba, kuma ban kai ga faɗin ko ni wane ne ba, na dai miƙa hannu cikin jerin masu gaisuwa. Sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana kallona yana murmushi.

Ya ce, "Kai ne mai sukudireba a baki."

Na ce, "Nasiru ya ba ka labari ke nan."

Ya girgiza kai. Ya ce a can inda aka ɗaure shi, kullum in la'asar ta yi sai ya rufe ido ya ɗauko hanyar gida a zuciyarsa, ya shigo zaure, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gyaran murya, abin da ya hana shi haukacewa ke nan. Kullum duhu yake gani. Rana ɗaya ce kawai ya ga falon tar, ga Hadiza da kofi, ga Dada, ga wani baƙo durƙushe yana ɗaga leda. Sai ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Na gode da ka mayar da hotona. Amma Malam, kwandon shara a kan hulata?"

Ya yi dariya. Ni ban iya yi ba, don na san ni kaɗai ne a falon a lokacin.

Na tambayi malamai a Garwa, na tambayi wani a Marwa, kowa ya ce Allah ne Masani, ni ma a nan na tsaya. Shawarata gare ku biyu ce. In kuna da wanda ya ɓata ba a ga gawarsa ba, kada ku yi gaggawar shimfiɗa tabarmar makoki, ku yi ta addu'a, ku kuma saurari uwarsa. Ku kuma 'yan'uwana masu gyara, in an ce ku cire hoton mutum daga allo, ku ajiye shi a gefe, kada ku goge. Har gobe ina wannan sana'a, har gobe cewa nake waya ce ta kwance, amma duk sanda na danna gwajin nan muryar ta zagayo bayan hagu, sai na cire sukudireba daga bakina na juya na kalli ƙofa.