Waƙar da Aka Ƙwace wa Inna

A shekarun da ruwan kanal ya wadaci gonakinmu na Kadawa, tumatir kan yi yawa har ya ƙi sayuwa, sai mu mata mu taru a tsakar gida muna yankawa muna shanyawa. Inna, mahaifiyata, ita ke ba da waƙa muna amshi. Da kanta ta ƙagi waƙar, tana zolayar dillalai masu taya kwando kamar suna yi maka alfarma. Kuma muna da ƙa'ida: in za ki yi waƙar wata, sai kin fara ambaton mai ita.

Wani mai sayar da kaset a kasuwar Bunkure ya ji labari, ya aiko ƙanwarsa da rikoda don ta naɗi waƙar. Inna ta yarda, amma ta ce, "Kada a faɗi sunana. Ni matar aure ce, sunana ba zai yi yawo a kasuwa ba." Kunya ce ta sa, kuma da kunyar nan aka cuce ta.

Kafin rani ya zagayo sai ga waƙar a bakin wani mawaƙin birni, da kalangu da 'yan amshi, ga hotonsa a jikin kaset yana wage baki. Mutumin da bai taɓa riƙe wuƙar yankan tumatir ba! Kawu, yayan Inna, ya je wajen mai kaset ya dawo yana huci. Wai mai kaset ɗin cewa ya yi, "Ai waƙar mata ce, ba ta da mai ita. Da bakinta ta ce kada a faɗi suna."

Daga baya na ji cewa a doka waƙa ta wanda ya ƙage ta ce, ko da wani ne ya naɗa, kuma ba a sayar da ita sai da yardarsa. Wannan ya ƙara ƙona mini rai. Wa ya gaya mana? Ina shaidarmu, alhali kaset ɗin da ke ɗauke da muryarta yana hannun ɓarawon?

Da tumatir ya sake nuna, muka zauna yanka, Inna ta ɗauko waƙarta. Wata amarya da aka kawo unguwarmu ta yi dariya ta ce, "Lah, Inna, ashe ke ma kina jin kaset! Amma ba haka mawaƙin yake yi ba." Har ta gyara mata baitin.

Inna ta bar waƙar, ta ci gaba da yanka. Daga ranar shiru muke yankan tumatir a gidanmu, kuma har yau ban huce ba.